Littafi ba baƙi ba wasali

A nan Jamus da wuya ka shiga ɗakin jiran likitan yara, ko makarantar renon yara, ko gidan da ake da ɗan shekara biyu, ba ka tarar da wani irin littafi ba. Faffaɗa ne, shafukansa na kwali, an cika shi maƙil da zanen mutane, amma in ka cire sunan da ke bango babu rubutu ko layi ɗaya a ciki. Su suna ce masa Wimmelbuch. Duk inda ka buɗe wuri guda za ka gani, tashar jirgin ƙasa ko kasuwa ko bakin tafki, mutane birjik kowa da abin da ya dame shi. Wani ya yar da hularsa, wata na jan yaro yana turjewa, can gefe kyanwa na laɓe tana harin tsuntsu.

Wanda ya fito da wannan salo fili mutumin Munich ne, Ali Mitgutsch. Kada sunan ya ruɗe ka, sunansa na asali Alfons ne. Ya fitar da na farkonsa a 1968, ya mutu a 2022, kuma har yau ana buga littattafansa. Daga 2003 wata mai zane, Rotraut Susanne Berner, ta ƙara wa abin armashi: gari ɗaya ta zana, tituna ɗaya, mutane ɗaya, ta bi su lokaci bayan lokaci na shekara, ta yadda yaro zai ɗauki mutum guda ya bi sawunsa daga shafi zuwa shafi, daga littafi zuwa littafi.

Ni a ganina mu Hausawa mun fi Jamusawa bukatar irin wannan littafi, mun kuma fi su iya sarrafa shi. Sai dai na san da za a ajiye shi a shagon littattafai a Kano ko Zariya ko Damagaram, uba zai ɗauka ya jujjuya ya ce, "To ina karatun?" A wurinmu littafi abin biyawa ne da haddacewa. Malam ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi. Ba na raina hadda, ita ta ba mu alarammomi. Amma mun ɗauko ta mun ɗora wa ɗan shekara uku, an rataya masa jaka ta fi shi nauyi, yana rera baƙaƙen Turanci da bai san me suke nufi ba, iyaye kuwa na auna kyan makaranta da yawan abin da ya kwafa a littafin rubutu. A nan Jamus yaro sai ya kai wajen shekara shida yake shiga firamare, kuma kafin nan ba a matsa masa da karatu. Magana ake so ya iya tukuna, ya kalli abu ya faɗi abin da ya gani.

Da mahaifiyata ta zo mana ziyara ne na ga iyakar amfanin abin. Hajiya ba ta yi boko ba, Alƙur'aninta take karantawa da ɗan ajami. Jikarta kuwa a lokacin Jamusanci ya fara danne mata Hausa. Duk littafin da yarinyar ta kawo mata sai Hajiya ta mayar, ta ce a kai wa babanta. Ranar da ta kawo wannan mai zane zalla, sai Hajiya ta gyara zama ta sa tabarau.

"Kishiya, zo nan. Wannan mai jar hular ina za shi da gudu haka?"

"Kaka, karensa ne ya gudu."

"Wane kare? Bashi ya ci. Ba ki ga na bayansa ya biyo shi da laima ba?"

"A'a Kaka, duba!" Ta ɗora yatsa kan igiyar da ke hannun mutumin, ta buɗe gaba ta nuna karen a ƙarƙashin benci.

Hajiya ba ta sallama ba. Ta ce to ai karen ma na aro ne. Kafin a kai shafin ƙarshe mai jar hula ya zama ɗan'uwan Gizo, yana da mata mai faɗa da maƙwabcin da ba sa ga-maciji. Ni in na ɗauki littafin sunaye nake jerowa: wannan mota, wannan tsani, wannan agwagwa. Ita kuwa tambayarta wa ya ɓata wa wani, wa ke jin kunyar wa. A bakinta yarinyar ta tsinci "ya yi tuntuɓe" da "ya faɗi warwas" da "ta yi tsuru-tsuru", kalmomin da ban taɓa samun dalilin faɗa mata ba a gidan haya a Turai.

Wannan aikin mai tatsuniya ne, kuma mu muke da masu shi a kowane gida. Bambancin kawai, a tatsuniya kaka ce ke ba da kalmomi, yaro ya zana hoton a ransa. A nan an ba shi hoton, shi zai nemo kalmomin. Sannan da zarar an ce "ta zo mu ji ta", naka sauraro ne har a kai ƙurunƙus. Wannan littafi kuwa yana ba yaro damar ya ce wa babba "a'a" ba tare da ya yi rashin kunya ba, domin hujjarsa na nan a takarda, yatsa kawai zai ɗora. Yaranmu ba su cika samun irin wannan fili ba, gida ko makaranta.

Ba wai littattafan Jamusawan sun dace da mu yadda suke ba. Duniyarsu suka zana: dusar ƙanƙara, mai sayar da tsiren alade, mutane da kayan wanka a bakin ruwa. Akwai shafin da Hajiya ke cewa "a wuce wannan". Kuma duk yawan jama'ar da ke ciki yarinyar ba ta ga mai mayafi irin na kakarta ba, balle mai tallan fura. Namu muke bukata. A zana Kasuwar Kurmi da lungunanta, da marinar Ƙofar Mata, da Hawan Daushe daga saman soro, da ranar kamun kifi a Matan Fada ta Argungu kowa da gorarsa da homarsa, da tashar mota 'yan kamasho na jan fasinja, akuya ta tsinke tana cin alayyahon wata. In cunkoso da hayaniya ake nema, wa zai nuna mana?

Akwai kuma wata riba da 'yan kasuwar littafi ya kamata su duba. Littafin da ba rubutu ba ruwansa da cewa ɗan Maraɗi da Faransanci ya yi makaranta, ɗan Katsina da Turanci. Ba ruwansa da boko ko ajami. Bugu ɗaya zai yi wa Sakkwato da Zangon Kumasi, Bafillatana ta ba da labarinsa da Fillanci, Babarbariya da Barbarci. An riga an gwada wannan. A 2012 ƙungiyar IBBY mai kula da littattafan yara ta duniya ta fara tara irin waɗannan littattafai don tsibirin Lampedusa na Italiya, inda jiragen 'yan ci-rani ke sauka da yara masu harsuna barkatai, wasunsu ma ta Agadas suka bi. Ba a san da wane harshe yaron gobe zai iso ba, shi ya sa aka zaɓi littafin da kowa zai iya buɗewa.

Wasu iyaye za su yi ɗari-ɗari da hoton mai rai, kuma ba abin dariya ba ne. Malamai sun yi saɓani a kai, da yawansu kuma sun sassauta a abin da ya shafi yara, suna kafa hujja da hadisin 'yar tsanar Nana A'isha. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa. Abin lura dai, yaran irin wannan gida suna wuni da wayar uwarsu suna kallon katun.

Masu zane ba mu rasa su ba, daga ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello har masu zanen jikin manyan motoci da allunan shagon aski. Tsadar bugu mai launi a kan kwali ita ce babbar matsala, musamman yadda takarda ta yi tsada. To ba dole a fara da kwali ba. Shafi babba ɗaya mai girman kalanda, a manna a bangon aji, ya ishi yara su kewaye shi suna musu. Injinan da ke buga fastocin 'yan takara da kalandar biki a Kano da Kaduna za su iya buga shi gobe, da kuɗin da bai kai na fastocin kansila ɗaya ba.