Masu neman fatalwa a Edinbura da ganuwar Kano da ke zaizayewa

A nan Edinbura, babban birnin Sukotilan, da an yi magariba za ka ga mutane sun yi cincirindo a babban titin tsohon gari suna jiran jagora ya shiga da su ƙarƙashin ƙasa. Galibi ɗakunan da ke ƙasan gadar South Bridge ake kai su. An gama gadar a 1788 bisa bakan gizo guda 19, aka mayar da ramukan da ke tsakani rumbunan ajiya da shagunan dukawa da mashaya. Da ruwa ya fara yoyo, masu sana'a suka tashi, talakawan da ba su da wurin kwana suka tare. Daga baya aka cike ɗakunan da ɓaraguzai, ba a sake buɗe su ba sai a shekarun 1980. Yau sana'ar da ke riƙe da wurin ita ce neman fatalwa: a sayi tikiti, a shiga duhu da tocila, wasu ma su biya kuɗin kwana har asuba da na'urori a hannu.

Ra'ayina a kan wannan harka kashi biyu ne. Na'urorin ba sa gano komai na gaibu, kuma ina fata kada mu kwaso wannan al'ada mu kai gida. Amma yadda suke tattalin wuraren da suke shiga abu ne da ya kamata ya dame mu.

Mu fara da kayan aikin, domin a nan ake yaudarar mai kallon bidiyo a YouTube da TikTok. Na'urar da ta fi yawa a hannunsu ita ce K-II, ɗan akwati mai fitilu biyar, daga kore zuwa ja. An ƙera ta ne don auna maganaɗisun da wayoyin lantarki ke fitarwa. Wutar gida a Birtaniya, kamar ta Najeriya, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, saboda haka duk wayar da aka binne a bango za ta sa fitilun su kama. Wayar salula da ke aljihu tana neman sabis ita ma za ta kunna ta, haka oba-oba na mai gadi. Kuma ta fuska ɗaya take ji, shi ya sa idan ka ɗan juya hannunka sai fitila ta mutu ko ta tashi. Mai neman fatalwa ya yi tambaya, hannunsa ya motsa bai sani ba, fitila ta kama, sai a ce an amsa.

Akwai kuma rediyon da aka cire wa birki, yana tsallake tashoshi da sauri, gutsattsarin maganar masu shela na faɗowa cikin shuu. Kunnen ɗan Adam ba ya son hayaniya marar ma'ana, dole sai ya ƙulla kalma daga ciki. Gwajin abin ba shi da wuya: a ɗauki sautin, a ba mutum biyar su saurara kowa shi kaɗai, kada a faɗa musu abin da ake zaton an ce, kowa ya rubuta abin da ya ji. Da ƙyar biyu za su dace. Amma da an rubuta kalmar a fuskar bidiyo, kowa sai ya ji ta raɗau. Fararen ɗigogin da ke fitowa a hoto kuwa ƙura ce ko raɓa da ta gifta dab da idon kyamara filasha ta haske ta. Ma'aunin zafi mai kama da bindiga zafin bango yake karantawa, ba na iska ba, don haka nuna shi tsakiyar ɗaki a ce ga sanyin fatalwa rashin sanin aikin na'urar ne.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne masana a nan ba su tsaya ga musu da baki ba, sun shiga sun auna. A 2001 Richard Wiseman, malamin ilimin halayyar ɗan Adam, ya shigar da mutum fiye da 200 cikin waɗannan ɗakuna na South Bridge, kowa ya tsaya shi kaɗai na ɗan lokaci ya faɗi abin da ya ji. Mutane sun ji abubuwa da gaske: sanyi, tsayuwar gashi, jin kamar ana kallonsu. Sai dai ɗakunan da aka fi jin haka suna da alaƙa da girman ɗakin da yanayin hasken da ke bakin ƙofarsa. Kafin nan, a 1998, injiniya Vic Tandy ya bayyana yadda wata fanka a ɗakin aikinsa ke fitar da amo mai kaɗawa kusan sau 19 a daƙiƙa, ƙasa da abin da kunne ke kamawa, ma'aikata na ta jin tsoro da nauyin jiki, da aka gyara fankar abin ya wuce. Gwajin da wani masanin halayyar ɗan Adam, Chris French, ya yi daga baya a Landan ya nuna cewa abin da mutum ya shiga da shi a ransa ya fi amon tasiri. Wanda aka ce masa ɗakin nan akwai abu, zai ji abu.

Dalilin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne iskar guba ta kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana kawo ciwon kai, jiri, ruɗewa, har ganin abin da babu. A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya buga labarin iyalin da ke jin takun sawu da ganin mutane a gidansu, ashe murhun dumama gida ne ya lalace. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Janareta a zaure ko a soro, ko kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu, iskar nan suke fitarwa. Idan mutanen gida gaba ɗaya suka tashi da ciwon kai da mugun mafarki, kuma suna samun sauƙi in sun fita waje, a fara fitar da janareta a buɗe tagogi a tafi asibiti.

Masu binciken da suka san abin da suke yi suna da tsari. Sai sun sami izinin masu wurin a rubuce. Suna zuwa da rana su zana taswirar ginin, su sa alama a kan kowace wayar wuta, bututun ruwa, tsagar da iska ke shiga da matakalar da ta karye. Suna ajiye ma'aunin zafi a wuri ɗaya ya yi ta rubutawa na sa'o'i kafin kowa ya shigo, don a san yadda ɗakin yake in babu mutane. Ana kashe wayoyi. Ba mai tafiya shi kaɗai. Rikoda biyu ake ajiyewa nesa da juna, duk wanda ya yi tari ko cikinsa ya yi ƙugi ya faɗa da ƙarfi a ɗauka. Idan aka bi wannan tsari, kusan duk abin mamakin yakan sami bayani kafin gari ya waye.

Mu a gida lissafinmu daban ne. Musulmi ya yi imani mamaci yana barzahu, ba ya dawowa ya yi yawo a tsohon gidansa. Aljanu kuwa halittar Allah ne, kuma aya ta 6 a Suratul Jinni ta yi maganar mutanen da ke neman tsari da su, abin bai ƙare musu da alheri ba. Bahaushe in zai wuce kufai ko gindin tsamiya da dare, bisimilla yake yi ya wuce, ba ya tsayawa ya ce in akwai wani a nan ya yi magana. A maƙabartar Greyfriars da ke Edinbura ana kai 'yan yawon buɗe ido da dare wurin da aka tsare ɗaruruwan fursunonin addini a 1679, ana ba su tsoro don nishaɗi. Mu da aka hana mu ko zama a kan kabari, ba abin da za mu yi da irin wannan. Sana'ar tana ɓata tarihi ma: an daɗe ana yaɗa cewa a layin Mary King's Close, wani tsohon lungun Edinbura da yanzu ke ƙarƙashin gine-gine, an toshe masu annobar 1645 da bango an bar su sun mutu, alhali masana tarihi sun ƙaryata hakan. Ginin Royal Exchange da aka fara a 1753 ne ya rufe layin.

To amma layin nan yana tsaye, ana share shi, ana auna damshinsa, an buɗe shi ga jama'a tun 2003, kuɗin tikiti na biyan ma'aikata. Ganuwar Kano fa? Tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta tun ƙarni na 12, ta girmi gadar South Bridge da shekaru sama da 600. An sa ta a jerin wucin gadi na wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO a 2007 tare da Surame, birnin Kanta na Kabi. Yau wasu sassanta sun zama juji, wasu an ɗebe ƙasarsu an yi tubali, wasu an dasa shaguna a kai. Tsoron da muke yi wa tsoffin wurare bai kare su ba, ya dai sa mutanen kirki sun ƙaurace, wurin ya koma hannun masu shaye-shaye. Agadas ta nuna ana iyawa: hasumiyar masallacinta ta ƙasa ce, tun ƙarni na 16 take, ana yaɓe ta, kuma tsohon garin ya shiga jerin UNESCO a 2013.

Abin da za a ɗauka daga nan shi ne ziyara mai tsari da tikiti, bayan la'asar zuwa magariba lokacin da rana ta yi sanyi, a Dala da Gidan Makama da hasumiyar Gobarau da Kufena. Jagora ya zama wanda ya karanta tarihin wurin, ya faɗi labarin Barbushe da Tsumburbura a matsayin abin da kakanni suka ruwaito. Rukuni kada ya wuce mutum 15, don jagora ya iya ƙirga su a shiga da fita. Kafin a buɗe, magini ya duba azara ko gara ta ci ta, a rufe tsoffin rijiyoyi, a sare ciyawa saboda macizai da kunamu, kuma kada a shiga ginin ƙasa da damina sai an duba tushensa. Kuɗin da aka tara a ware kaso sananne na gyara, a sa Sarkin Magina da mutanensa a ciki, domin ginin ƙasa indararo ɗaya in ya toshe ya isa ya jiƙa katanga ta zube cikin damina guda. A gyara indararo kafin ruwan farko, a yi yaɓe da makuba bayan ruwa ya ɗauke, a rubuta abin da aka kashe a liƙa a bakin ƙofa inda mai sayen tikiti zai gani.