Kangon da wuta ta ci ma ɓarawo na leƙa shi

A ƙauyukan arewacin Tahoua, wajejen Abalak da Tchintabaraden, wutar daji kan tashi bayan damina, idan ciyawa ta bushe iska ta kama. In ta haɗa da gidan mutum, sai ka ji ana cewa ai babu abin da ya rage da ɓarawo zai ɗauka, kuma wa zai yi wa wanda Allah ya jarrabta sata?

Wannan zaton ya jawo wa mutane asara ta biyu. Darni ya ƙone, iyali sun koma gidan dangi, wuri ya zama fili. Ƙyauren ƙarfe da tukwanen da suka yi baƙi ƙirin, duk masu sayen tsohon ƙarfe na aunawa su biya. Sannan ga sabon kayan sake gini ya iso: kwano, katako, rodi, siminti. Buhun siminti kilo 50 ne, babur guda ya ishi ɗaukarsa da dare.

Ni dai abin da na fi yarda da shi, kada a sayi kaya gaba ɗaya. A sayi na kwana biyu ko uku, wanda ba a kai ga aiki da shi ba a kulle a ɗakin maƙwabci da kwaɗo. Da yamma mai gida ya ƙirga buhuna tare da magini, ba don zargi ba, don kowa ya kwana da hankali kwance. A shafa wa kowane fallen kwano alamar fenti, a adana takardar saye saboda jandarma.

Wani ya riƙa kwana a wurin, da fitilar sola a rataye.