Tara takardu a gaban ɗalibi bai isa ya auna tunaninsa ba

Duk wanda ya saba duba takardun jarrabawar tarihi ya san irin amsar da hadda ke haifarwa. A tambayi ɗalibi shekarar da aka buɗe taron Berlin, inda ƙasashen Turai suka zauna kan rabon Afirka, ya rubuta 1884, ya kwashe makinsa. Da za a ce ya faɗi yadda aka yi aka san abin da ya wakana a zauren, sai ya yi tsuru-tsuru. Shi ya sa malamai da dama suka koma ga wani salon tambaya. Ana ajiye wa ɗalibi wasiƙa, taswira, jadawalin alƙaluma, zanen barkwanci na jarida ko guntun yarjejeniya, sannan a yi masa tambaya guda wadda ba ta amsuwa sai ya auna su. A Amurka ana kiran salon DBQ a taƙaice, wato tambaya mai dogaro da takardu, kuma hukumar shirya jarrabawa ta College Board ta shigar da shi jarrabawar tarihin Amurka ta AP, wadda ɗaliban sakandare ke rubutawa kan darasin matakin jami'a, a 1973. Yanzu ana ba ɗalibi takardu 7 da awa ɗaya, minti 15 na farko na karatu ne, kuma tambayar ita kaɗai tana ɗauke da kashi 25 cikin 100 na makin jarrabawar.

Ina goyon bayan salon, amma da sharaɗi. Sau da yawa malami yakan haɗa takardun da duk bakinsu ɗaya, ya tambayi abin da ke rubuce ƙarara a sakin layi na biyu, ɗalibi ya kwafa ya miƙa. Wannan tsohuwar jarrabawar fahimtar karatu ce aka sauya wa riga.

Abin da ya kamata a auna ya fito sarai a binciken da masanin ilimi Sam Wineburg ya wallafa a 1991. Ya ba masana tarihi 8 da haziƙan ɗaliban sakandare 8 takardu iri ɗaya kan arangamar Lexington ta 1775, wadda ta buɗe yaƙin neman 'yancin Amurka. Masanan kan fara da duba wanda ya rubuta takarda da lokacin da ya rubuta ta, sannan su gwama maganarsa da ta sauran. Ɗaliban kuwa daga layin farko suke kama karatu har ƙasa, kuma sun fi amincewa da littafin makaranta, wanda masanan suka ajiye a ƙarshen sahu. Ke nan tambayar kirki ita ce wadda ɗalibi ba zai tsallake ta ba sai ya tambayi tushen takarda, ya sa ta a zamaninta, ya gwada ta da 'yar uwarta.

Daga tambaya ake fara gini, takardu su biyo baya. "Bayyana taron Berlin" ba ta da gardama a ciki. "Shin taron ne ya raba Afirka, ko dokoki ya shimfiɗa wa rabon da tuni aka fara?" tana tilasta wa ɗalibi ɗaukar matsaya. A ƙananan ajin sakandare takardu 3 zuwa 4 sun wadatar, kowace kada ta wuce kalma 150. Manyan aji su ɗauki 5 zuwa 7. Aƙalla biyu su saɓa wa juna, ɗaya kuma ta zama hoto, taswira ko jadawali. Kowace takarda ta zo da layin tushe a samanta: wa ya rubuta, yaushe, ga wa. Malamin da ya yanke wannan layi don takarda ta shiga shafi ɗaya ya yanke rabin jarrabawar. Idan an sauƙaƙa tsohon rubutu, a faɗa, kuma a yi hattara da kalmomin da ke nuna son ran marubuci, domin su ne ɗalibi zai kama ya gane inda mai maganar ya karkata.

A kimiyya ma salon yana aiki, har ina ganin ya fi armashi a can. Ga labarin likita Ignaz Semmelweis a babban asibitin Vienna. Asibitin na da sashen haihuwa biyu. A na farko, inda likitoci da ɗaliban likitanci ke aiki, kusan kashi 10 cikin 100 na masu jego zazzaɓi ke kashewa a shekarun 1841 zuwa 1846. A na biyu, inda ungozomomi ke karɓar haihuwa, abin bai kai kashi 4 ba. Takarda ta farko ta zama wannan jadawalin. Ta biyu ta kawo bayanin da aka yi imani da shi a lokacin, cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Ta uku ta nuna cewa likitocin sashen farko kan fito daga ɗakin binciken gawa su wuce wurin masu naƙuda, ungozomomi kuwa ba sa taɓa gawa. Ta huɗu ta ba da labarin abokin aikin Semmelweis, Jakob Kolletschka, wanda wuƙar fiɗa ta yanka yana binciken gawa a 1847, ya mutu da alamomi irin na matan. Ta biyar ta nuna alƙaluman wata-wata: kimanin kashi 18 a Afrilun 1847, Semmelweis ya sa aka fara wanke hannu da ruwan kulorin a watan Mayu, a Yuni mace-macen suka faɗo zuwa wajen kashi 2.

Tambayar ita ce wane bayani alƙaluman suka fi mara wa baya, kuma ina rauninsu. Ɗalibi matsakaici zai ce wanke hannu ya yi aiki. Wanda ya fi shi zai lura cewa sassan biyu a asibiti ɗaya suke, iska ɗaya suke shaƙa, don haka iska ba ta isa ta bayyana bambancin ba. Gwani kuma zai ƙara da cewa alƙaluman wata guda kan yi hawa da sauka ko ba a sauya komai ba, sai an ga watanni da yawa a jere kafin a yanke hukunci. Tambayar zaɓi-ɗaya ba ta iya rarrabe waɗannan ɗalibai uku. Abin da ke ɓata irin wannan aiki ƙananan sakaci ne: jadawali babu ma'auni, zanen alƙaluma babu sunan gefe, ko a ba da adadin waɗanda suka mutu a manta da adadin waɗanda suka haihu, alhali ba a fitar da kaso sai da duka biyun.

Wurin ba da maki ne aka fi yin tuntuɓe. Ma'aunin AP maki 7 ne: 1 na matsaya, 1 na yanayin zamanin, 3 na hujja, 2 na nazari. Ba dole a kwafe shi ba, amma a rubuta ma'auni tun kafin jarrabawa, a nuna wa ɗalibai. Ambaton takarda daban, kafa hujja da ita daban; wanda ya jera "takarda ta 1 ta ce, takarda ta 2 ta ce" har ƙarshe taƙaitawa ya yi, kada tsawon rubutunsa ya ruɗi mai dubawa. Idan malamai biyu ko fiye ke dubawa, su fara da amsoshi 5 zuwa 10 kowa ya ba da makinsa a ɓoye, su gwama, su daidaita inda suka saɓa. In ba haka ba, makin yaro ya dogara da hannun da takardarsa ta faɗa.

Masu suka suna da magana biyu masu nauyi. Ta farko, salon na iya hukunta ɗalibin da ya san darasi amma karatunsa na da nawa, musamman wanda ke koyo da harshen da ba nasa ba. Maganinsa gajerun takardu, fassarar kalmomi masu wuya a gefe, da ƙananan tambayoyi ɗaya ko biyu a ƙarƙashin kowace takarda kafin babbar. Ta biyu, wai yana rage darajar sanin abu a ka. A nan ban yarda ba. Wanda bai san komai game da ƙwayoyin cuta ba, ko gasar Turawa a ƙarni na 19, takardun ba za su ce masa uffan ba, shi ya sa ma'aunin AP ya ware maki guda ga hujjar da ɗalibi ya kawo daga wajen takardun.

Lokaci ne babban cikas, domin aji mai ɗalibai 60 ba ya dubuwa a dare ɗaya. Cikakkiyar tambaya ɗaya ko biyu a zango ta isa, muddin ana yin ƙaramin atisaye kowane mako: takarda guda, minti 10, ɗalibi ya rubuta jimla uku kan wanda ya rubuta ta, abin da yake son a yarda da shi, da wata takardar da za a nema don a gwada maganarsa.