Ku daina barin fasto shi kaɗai da jakar baiko

Duk lokacin da aka ji wani fasto ya faɗi, ko kuɗin ginin coci ya yi ɓatan dabo ko an kama shi da matar wani, abun da za ka fara ji a bakin mutanenmu shi ne "aikin Shaiɗan ne, mu dai mu sa shi a addu'a". Ban ƙi ba, Shaiɗan bai taɓa zuwa hutu ba. Amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a yawancin ikkilisiyoyin da na sani mu membobi da dattawanmu mu ne ke tsaga bangon da hannunmu, in abu ya lalace kuma mu koma gefe muna salati da riƙe baki kaman ba mu san komai ba.

Ku duba yadda ake yi bayan an tashi sujada a ƙananan ikkilisiyoyi da yawa. An yi albarka kowa ya kama hanyar gida, mata sun tafi ɗora tukunya, ma'aji ya ce yana sauri zai je gaisuwar mutuwa, sai a juye baiko da zakka da kuɗin godiya duk a leda ɗaya a miƙa wa fasto wai ya ajiye zuwa Litinin. Ba wanda ya ƙirga, ba wanda ya sa hannu a littafi. Wannan mutumin kuwa wata uku ke nan ba a ba shi albashinsa cikakke ba, an koro 'yarsa daga makaranta saboda kuɗin makaranta, babur ɗinsa na wurin bakanike, kuma ranar Talata shi za a kira ya je ƙauye jana'iza da kuɗin mansa. Daren Lahadin nan zai ciri dubu biyar da niyyar in albashi ya shigo ya mayar. Da haka ake farawa, ba wanda ya shiga makarantar Baibul a Kagoro ko TCNN Bukuru da niyyar zama ɓarawo.

Abun mamaki Manzo Bulus da kansa bai yarda a yi masa wannan "amincewar" ba. A 2 Korintiyawa sura 8, da aka tara gudummawa domin 'yan'uwa na Urushalima, ikkilisiyoyi ne suka zaɓi mutumin da zai yi tafiya tare da kuɗin, Bulus kuma ya faɗi dalili a fili, kada kowa ya sami abun zargi a kansu, yana so abu ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Toh in Bulus yana buƙatar shaida a kan kuɗi, wane ne Rabaran ɗinmu da za a ce tambayarsa rasit raini ne? A cikin sha biyun ma wanda ya riƙe jaka shi ne Yahuza, Yohanna ya ce yakan ɗiba daga ciki.

Ni a ganina mataki na farko ba wani babban taron farkawa ba ne. A biya fasto haƙƙinsa a kan lokaci, 1 Timoti 5 ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, sannan a cire hannunsa kwata-kwata daga kuɗi. Mutum uku su ƙirga kafin kowa ya bar harabar coci, a sa mace ɗaya daga zumuntar mata a ciki (duk wanda ya taɓa ganin yadda matan zumunta ke riƙe asusunsu ya san dalilin da ya sa na ce haka), a karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, kuma alat ɗin banki ya daina shiga wayar mutum ɗaya tak.

Na san za a ce ai wannan maganar ta duniya ce. Mu tuna a ƙarshen 2016 da hukumar FRC ta gwamnatin tarayya mai kula da ƙa'idojin rahoton kuɗi ta fito da ƙa'idar da ta ce shugaban ƙungiyar addini kada ya wuce shekara 20 a kan kujera, har a watan Janairun 2017 Fasto Adeboye, babban shugaban cocin RCCG, ya naɗa wani a matsayin shugaban cocin na Najeriya, cikin 'yan kwanaki aka tsige shugaban hukumar Jim Obazee aka dakatar da ƙa'idar. A 2020 kuma da Buhari ya sa hannu a dokar CAMA ta kamfanoni da ƙungiyoyi, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta tashi tsaye ta ce ba ta yarda da sashe na 839 da ya ba hukumar rajistar kamfanoni ta CAC damar dakatar da amintattun ƙungiya ba. Ni ma ban so gwamnati ta zo ta naɗa mana masu kula da coci, musamman a arewa inda ko takardar filin gina coci sai an sha wuya. Amma tunda mun ce wa gwamnati ta cire hannu za mu iya da kanmu, ina abun da muka yi? Ikkilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN ma da sauƙi, suna da tsarin mulki a rubuce, akwai majalisun coci mataki-mataki irin su LCC da DCC ko RCC, ana zaɓe, shugaba yana gama wa'adinsa ya sauka, matsalarsu bin abun da suka rubuta ne. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne cocin da mutum ɗaya ya kafa, shi ne shugaba, matarsa ma'aji, ƙaninsa sakatare, dattawan kuma shi ya naɗa su shi zai iya sauke su gobe.

Maganar mata kuwa ba ma son a taɓo ta sam. Fasto shi ne mai sulhunta aure, shi ne likitan zuciya, matar da mijinta ke dukanta wurinsa za ta zo ta yi kuka a ofis an rufe ƙofa, daga nan a koma WhatsApp, "Baba na kasa barci", ƙarfe sha ɗayan dare ana tura ayoyi, wata biyu ayoyin sun ƙare hira ta ci gaba. Sarki Dauda bai faɗi a filin yaƙi ba, a gida ya faɗi lokacin da sojojinsa suka fita shi ya zauna, kuma bayinsa da ya aika su kawo Batsheba ba wanda ya buɗe baki, sai da Natan ya zo. Wanda yake ganin ilimi ko suna na kare mutum ya tuna da Ravi Zacharias na Amurka, wanda fastocinmu da dama suka yi ta sauraron koyarwarsa. Ya rasu a watan Mayun 2020 duniya na yabonsa, a Fabrairun 2021 binciken lauyoyin da ƙungiyarsa da kanta ta ɗauka ya tabbatar ya daɗe yana lalata da mata masu yi masa tausa, aka sami hotunan mata birjik a wayoyinsa. Tun 2017 wata mata ta yi ƙorafi a kansa, maimakon a bincika da gaske sai shi ya kai ta kotu, na kusa da shi kuma suka tsaya masa.

Mu nan gida salonmu daban, taransifa. Yarinya 'yar kwaya ta yi ciki, ranar Lahadi za a kira sunanta a gaban jama'a a sa ta ƙarƙashin horo, ta koma bencin baya, ba cin jibin Ubangiji har sai dattawa sun ga dama. Amma in mai kwala ne ya yi, wato fasto, sai a yi zama a ɓoye a ce kada sunan ikkilisiya ya ɓaci, a ɗora kayansa a mota a kai shi wani ƙauye can bayan dutse inda ba a san shi ba, wato an kai wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba matsala har gida. Wannan surar dai ta 1 Timoti 5 da ta ce kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, ita ce a aya ta gaba ta ce masu yin zunubi a tsauta musu a gaban kowa. Rabin farko kowane fasto ya haddace shi. Matasa kuma suna kallo, in sun daina zuwa mu ce waya ce ta lalata su.

Sai 'yan siyasa, wannan ba sai na ja ba. Ɗan takara ya zo launcin ya yi alkawarin buhun siminti ɗari biyu, an ba shi makirufo a kan bagade, daga ranar bakin fasto ya mutu a kan duk abun da mutumin zai yi a ofis.

Kada wani ya ɗauka ina zagin fastoci ne. Akwai masu bishara na EMS, ƙungiyar mishan ta ECWA, da ke zaune a ƙauyukan da ko ma'aikacin gwamnati ba ya yarda ya kwana, akwai irin su Rabaran Lawan Andimi na EYN, shugaban CAN na Michika, da Boko Haram suka kama suka kashe a Janairun 2020 bai musanci Almasihu ba. Irin waɗannan mutanen ne muke zalunta in muka ƙi gyara, don ɓarnar mutum ɗaya duk ita ake shafa musu. Kuma da yawansu ba su da wanda za su gaya wa damuwarsu, in ya faɗa wa dattijo yana fama da wata jaraba gobe magana ta kai sakatariyar DCC, in ya faɗa wa abokin aikinsa wataƙila shi ne mai neman kujerarsa, matarsa kuma tana can tana fama da 'yan coci masu ƙirga mata zannuwa.

Saboda haka ku dattawa, aikin yana wuyanku. A daina zaɓen dattijo don yana da mota ko don danginsa ne suka ba da filin coci. A zaɓi wanda zai iya zuwa gidan fasto da yamma ya zauna a ci tuwo tare, ya tambaye shi ko albashin ya shigo, yaushe rabonsa da hutu, in kuma ya ga motar wata na yawan tsayawa a ƙofar ofis ya ce "Baba Rabaran, a yi haƙuri, daga yau in mace za ta zo shawara Mama ta zauna a wurin ko a bar ƙofa a buɗe." Fasto zai ɓata rai, wataƙila ma ya yi wa'azi a kanka ranar Lahadi mai zuwa, ka zauna a bencinka ka saurara har ƙarshe, in an tashi ka je ka tsaya a wurin ƙirga baiko.