Makullin aikin yana hannun wa?

Jama'a akwai wata magana da ta daɗe tana cin raina, yau dai na ce bari in amayar da ita ko na samu sauƙi.

Duk wanda yake shiga karkara ya san wannan abin da zan faɗa. Za ka tarar da famfon burtsatse a tsakiyar ƙauye, an zuba masa siminti mai kyau, ga allon sanarwa a gefe da sunan waɗanda suka kawo aikin da ranar da aka buɗe shi, amma hannun famfon ya karye ko bututun ya tsage tun bara ko bara waccan, mata da yara sun koma rafin da suke ɗiba tun da can. In ka tambaya me ya hana a gyara, amsar kusan iri ɗaya ce a ko'ina, sai a ce maka ai na gwamnati ne, ko na masu ƙungiyar nan ne da suka zo da farar mota, muna jiran su dawo. Mutanen da suke shan ruwan kullum ba su taɓa jin abin nasu ba ne ko na rana ɗaya.

Wasu da sun ji haka sai su fara zagin mutanen ƙauye, wai ragwaye ne, wai sun saba da a ba su. Wallahi wannan maganar tana ƙona min rai. Mutumin da yake fita gona tun duhun asuba, wanda rufin ɗakinsa in ya zuba ba ya jiran kowa, shi ne rago? A'a. Ba a tambaye shi inda za a haƙa ba, bai san nawa aka kashe ba, bai san sunan ɗan kwangilar ba, ba wanda ya nuna masa inda ake sayar da kayan gyara, kuma an ja masa kunne kada ya taɓa don kada ya ɓata. To da ya lalace me kake so ya yi? Abin da aka koya masa shi ya yi, ya zuba ido.

Na taɓa zama a wani mitin da wata ƙungiya ta kira a wani ƙauye, ba zan kama suna ba. An shimfiɗa tabarmi, an jera kujeru na baƙi, an yi jawabai, sai aka ce wai yanzu za a ji ra'ayin al'umma. Wata dattijuwa ta miƙe ta ce su babban abin da ke damunsu gadar kwalbati ce a kan hanyar da ruwa ke yankewa da damina, don mace in naƙuda ta zo mata da gardama ba yadda za a yi a fita da ita. Aka tafa mata, aka rubuta. Bayan an tashi na gane ashe tuni an gama zanen ginin da za a yi, an ba da kwangila, kuma ba gada ba ce. Takardar da mutane suka dangwala hannu a kai ita aka kai ofis a matsayin shaidar cewa al'umma ta amince. Har yau in na tuna fuskar matar nan sai in ji kunya ta kama ni, don ina wajen kuma ban ce komai ba.

Shi ya sa in na ji ana cewa an shigar da al'umma cikin aiki nake tambaya, a wane mataki? Don ɗiban yashi da kawo ruwa wa magina shi ma ana kiransa shiga. Ni abin da nake nufi shi ne su zaɓi aikin da bakinsu, su san adadin kuɗin, su ga yadda ake fitar da shi, kuma su iya cewa ba mu yarda ba a tsaya.

Ku duba abin da ya faru a Koriya ta Kudu. A 1970 gwamnatin Park Chung-hee ta fara wani shiri da suke kira Saemaul Undong, wato yunƙurin sabon ƙauye. Lokacin ƙauyukansu talauci ne kawai, rufin ciyawa, hanyoyi duk taɓo. Gwamnati ta raba buhun siminti 335 ga kowane ƙauye, ƙauyuka sama da 33,000, ta ce a yi aikin da zai amfani jama'a, ku za ku zauna ku zaɓa, ku kawo ƙarfinku. Wasu suka faɗaɗa hanya, wasu suka gyara rijiyoyi, wasu suka yi ƙananan gadoji da wurin wanki. Da shekara ta zagayo aka duba, kusan rabin ƙauyukan sun yi abin kirki, su aka ƙara wa buhu 500 da tan ɗaya na rodi. Sauran da suka ga maƙwabtansu sun wuce su ba wanda ya yi musu wa'azi, da yawansu da kansu suka tashi. Ba wai ina wanke gwamnatin ba ne, mulkin kama-karya ne kuma an yi matsin lamba a ciki, amma wannan dabarar ta barin zaɓi a hannun ƙauye da saka wa wanda ya yi ƙoƙari ta yi aiki, ba mai musu.

Sai ka kwatanta da Tanzaniya. Mwalimu Nyerere, shugaban ƙasar na farko, mutum ne mai son talaka tsakani da Allah, ban taɓa shakkar niyyarsa ba. Bayan sanarwar Arusha ta 1967, wadda ta ɗora ƙasar kan tsarin gurguzu, ya so mutane su taru a ƙauyukan Ujamaa, wato ƙauyukan zaman 'yan'uwantaka, su yi noma tare, a kawo musu makaranta da asibiti da ruwa. Da farko ganin dama ne. Da aka ga mutane ba sa zuwa da sauri, daga 1973 sai abin ya zama dole, aka kwashe miliyoyin mutane daga inda kakanninsu suka zauna, wasu aka sauke su a wuraren da ƙasar ba ta noma ko ruwa yake da nisa, don jami'in da ya zaɓi wajen bakin titi ya duba, bai tambayi manomi ba. An samu ci gaba a karatu da lafiya, wannan gaskiya ne, amma noman tare bai tsaya da ƙafarsa ba. Niyya mai kyau ce, sunan ma na haɗin kai ne, sai dai shawarar daga sama ta sauko.

Misalin da ya fi burge ni kuwa ƙarami ne sosai. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da mata a Nijar mai suna Mata Masu Dubara. Ba jari aka kawo musu ba, koyarwa ce kawai. Mata su taru su kamar ashirin zuwa talatin, kowane mako kowa ta zuba abin da aka yi yarjejeniya, mai buƙata ta ranta ta dawo da shi da ɗan ƙari, ƙarshen zango a raba. Tsarin nan yanzu ya bazu ƙasashe da dama a Afirka har da wajenta. Abin da nake so ku lura da shi shi ne akwatin. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban-daban, ita kuma mai ajiye akwatin ba ta da makulli ko ɗaya, ba a buɗewa sai a gaban kowa, a ƙirga da babbar murya kowa na ji. Matan da da yawansu ba su taɓa shiga aji ba sun riƙe amanar kuɗi shekara da shekaru da wannan dabarar. In da kowane aikin raya karkara zai ari wannan kwaɗo ukun, da rabin kukan da muke yi ya ƙare.

Amma fa kada wani ya ɗauka ina cewa mutanen ƙauye mala'iku ne. Ƙauye ma yana da masu ƙarfi da marasa ƙarfi, akwai mai kuɗin da kowa ke cin bashinsa don haka ba mai iya ɗaga masa murya, akwai dangin da duk kwamitin da aka kafa sai ka ga su ne a ciki, akwai unguwar da ke can gefe da ba a ma tunawa da ita sai ranar aikin gayya. In ka miƙa kuɗi ka ce na al'umma ne ka juya baya, sau da yawa mutum uku ko huɗu ka ba. A Indunusiya, inda a 1998 suka fara babban shiri na ba ƙauyuka kuɗi kai tsaye su zaɓi aikinsu, wani masanin tattalin arziki Benjamin Olken ya bi ayyukan hanya a ƙauyuka sama da 600, har haƙa titin aka riƙa yi ana auna dutse da yashin da aka zuba a kwatanta da abin da aka rubuta a takarda. Ya gano cewa inda aka sanar tun farko cewa masu binciken kuɗi na gwamnati tabbas za su zo, ɓatan kuɗi ya ragu sosai, amma ƙara gayyatar mutane taro shi kaɗai bai rage wani abin a zo a gani ba. Wannan ya sa na gyara tunanina. Idon ƙauye yana buƙatar idon waje, don talaka ko ya ga sata ba lallai ya iya faɗa ba in ɓarawon shi ne wanda zai je wa rance gobe.

Sannan batun mata. Indiya ta gyara tsarin mulkinta a 1992 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauye ga mata, har da shugabanci. Masu bincike da suka duba jihohin Bengal ta Yamma da Rajasthan sun tarar inda mace ke shugabanci an fi zuba kuɗi a ruwan sha. Ni ban yi mamaki ba ko kaɗan, wanda yake ɗaukar tulu shi ya san nisan rafi. Taron da maza zalla suka cika, ko mata suna can baya ba mai ba su dama, rabin ƙauye ne kawai ya yi magana.

Wani abu kuma da nake tsoro, kada wannan magana ta taimakon kai da kai ta zama mafakar gwamnatoci. Ƙauye zai iya gina aji, amma ba zai iya biyan malami albashi har abada ba, zai iya gina ɗakin shan magani amma ba shi zai horar da ungozoma ko ya kawo rigakafi a cikin akwatin sanyi ba. A Kenya, Harambee, wato al'adar tara gudummawa don aikin jama'a, da Jomo Kenyatta shugaban ƙasar na farko ya ɗaga tun 1963 ta gina makarantun sakandare masu yawa da gumin talakawa, sai dai da yawansu sun yi fama da rashin ƙwararrun malamai da kayan aiki, daga baya kuma 'yan siyasa suka mayar da tarukan wajen nuna kuɗi da neman ƙuri'a. Haɗin gwiwa na gaskiya kowa da kasonsa ne, kuma a rubuce, ƙauye ya san nasa, hukuma ta san nata, ƙungiya ta san nata, in wani ya gaza a san wa za a kama.

Akwai inda aka yi hakan ya yi kyau. Cutar makantar nan ta bakin kogi da wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ke yaɗawa, kamfanin Merck ya fara ba da maganinta kyauta tun 1987, amma kai shi lungu-lungu duk shekara ya gagari ma'aikatan lafiya. Daga tsakiyar shekarun 1990 sai aka koma tsarin da ƙauye ne zai zaɓi mai raba maganin daga cikinsa, shi zai tsayar da lokaci da yadda za a raba, a koya wa wanda aka zaɓa ya auna tsawon mutum da sanda mai alama ya san ƙwaya nawa zai ba shi. Kamfani ya kawo magani, hukumar lafiya ta kawo horo da sa ido, ƙauye ya kawo mutumin da kowa ya sani ya yarda da shi. Da haka maganin ya kai ga miliyoyin mutane a wuraren da mota ma ba ta shiga.

Na san abin da ma'aikatan ƙungiyoyi da na hukuma za su ce, don ina da abokai a cikinsu kuma mutanen kirki ne, za su ce lokaci ne babu, dole a kashe kuɗin kafin shekara ta ƙare, masu ba da tallafi hoto da rahoto suke jira, zama da mutane sau biyar sau shida ana ja-in-ja yana cin wata da watanni. Na yarda yana ci. Amma famfon da aka kafa cikin sati biyu ya mutu cikin shekara ɗaya, wane lokaci aka tsira da shi? Haka ma ku 'yan ƙauye da kuke zaune a birni kuna tara kuɗi a guruf ɗin WhatsApp don ku yi wa gida aiki, Allah ya saka muku, amma ku ma kuna iya faɗawa wannan ramin, ku yanke shawara a waya ku aika da ɗan kwangila, waɗanda ke kwana a garin su wayi gari su ga ana haƙa.

Ni dai roƙona, kafin injin haƙa ya shigo kowane ƙauye a tara mutane har da mata da na unguwar gefe, a bar su su nuna wajen, a karanta musu kuɗin aikin a fili a manna a bango, a zaɓi matasa biyu a koya musu kwance famfon da ɗaura shi tun ranar da ake kafawa, a nuna musu inda za su sayo roba da bututu, a tsayar da abin da kowane gida zai riƙa zubawa na gyara da waɗanda za su riƙe makullan akwatin. In ba a samu waɗannan ba tukuna, a ɗaga haƙan da wata uku a koma a sake zama da su.