Monrovia ta Kalifoniya da kuɗin zama a gindin dutse

Wannan ba Monrovia ta Laberiya ba ce. Ƙaramin gari ne a gindin duwatsun San Gabriel, kimanin kilomita 30 arewa maso gabas da tsakiyar Los Angeles, kuma mutanensa ba su cika 38,000 ba a ƙidayar 2020. Baƙo in ya ga titin Myrtle da shagunansa da kasuwar daren Juma'a, sai ya ce ai Amurka ce, kuɗi ne. Akwai kuɗin. Amma a ganina abin da ya riƙe garin shi ne mutanensa sun yarda cewa zama a gindin dutse yana da farashi, kuma duk shekara ake biya. Mu kuwa a Abuja, daga Mpape zuwa Dutsen Alhaji da Kubwa, dutse a wurinmu fili ne da bai samu mai saye ba tukuna.

Wani ɗan kwangilar shimfiɗa layin dogo, William Monroe, da abokansa suka yanka filayen farko suka sayar a watan Mayun 1886, shekara ta zagayo garin ya samu hukumarsa. Sunan 'yarsa titin Myrtle ya ci. Da lemo aka fara, gonaki har gindin dutse, sannan masu tarin fuka suka riƙa zuwa jinya saboda busasshiyar iska. Bayan yaƙin duniya na biyu aka sare lemon aka gina gidaje. Yau hedikwatar Trader Joe's, kamfanin kantunan kayan abinci, tana nan, akwai ƙananan kamfanonin fasaha da na magunguna, babban titin 210 ya ratsa garin, jirgin ƙasa na cikin gari ya iso a 2016. Da yawa a nan suke kwana, aiki kuma a Pasadena ko Los Angeles, tamkar mutumin Kubwa da ofishinsa ke Wuse.

Damina a nan da hunturu take zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris. Bazara ba ɗigo. Ciyayi da ƙirare su bushe ƙayau, sai iskar Santa Ana ta taso daga hamada, wuta ta kama. Gobarar Bobcat ta Satumban 2020 ta cinye sama da eka 115,000 a duwatsun da ke bisa garin. Abin da baƙo bai sani ba, masifar ba ta ƙarewa da mutuwar wuta. Ƙasar da ta ƙone takan yi wata fata da ruwa ba ya ratsawa, saiwoyin da ke riƙe ta kuma sun tafi. Ruwan sama na rabin inci cikin awa ɗaya ya isa ya kwaso laka da duwatsu da kututture ya gangaro da su. Haka aka yi a Montrose da La Crescenta, wasu garuruwa na wannan yanki, daren sabuwar shekarar 1934, bayan gobarar da aka yi makonni kafin nan, mutane da dama suka mutu.

Maganin da suka yi ba wani abin al'ajabi ba ne. A bakin kwazazzabo, kafin gidan farko, ana haƙa babban rami a tare shi da madatsa. A tsakiya a kafa doguwar hasumiya mai huji-huji. In ambaliya ta sauko, ruwa ya bi ta hujin ya shiga magudanar siminti, laka da duwatsu su kwanta a ramin. A gefe akwai mafita ta gaggawa in abin ya fi ƙarfi. Ginin ba shi ne wahalar ba, kwashewar ce. Ƙa'idar gundumar Los Angeles ita ce in ramin ya cika kashi 25 cikin 100 a kawo tifa da katafila, in kuwa dutsen da ke samansa ya ƙone, kashi 5 kawai ake jira. Ramin da aka bari ya cika ya zama tudu, ambaliya ta gaba ta kansa za ta bi. Nan ne muke faɗuwa a gida. Kwalbati muna ginawa, har da yanka kintinkiri, amma babu wanda aka rubuta wa albashin yashe shi, sai leda da yashi su toshe shi, sannan wani ya zo ya dasa katanga a kan hanyar ruwan da takardarsa a hannu.

Mai gida ma ba a ƙyale shi ba. Dokar jihar ta ce wanda ke yankin gobara ya share busasshen ciyayi har ƙafa 100 daga gini, 'yan kwana-kwana kuma suna zagayawa dubawa. Yawancin gidajen da ke ƙonewa ba harshen wuta ke taɓa su ba, tartsatsi ne iska ke kawowa ya shige ta kafar iskar rufi ko ya faɗa kan ganyen da ya taru a indararo. Shi ya sa ake sa raga mai ido ƙanana, kimanin milimita 3. Hatta kwandon shara da lissafinsa, don dabbar beyar na saukowa daga dutse ta kifar da shi, wani lokacin har ta yi wanka a tafkin gidan mutum.

A shekarar 2000 mutanen garin suka kaɗa ƙuri'a suka ɗora wa kansu haraji don a saye gangaren dutsen a hana gini a kai. Ruwan sha kuma daga ƙarƙashin ƙasa suke jawowa, amma tun hukuncin kotu na 1973 kowane mai rijiya a kwarin San Gabriel, inda garin yake, yana da kasonsa, wanda ya zarce sai ya biya kuɗin ruwan da za a sayo a mayar. Kwatanta da unguwar da kowane gida ya haƙa burtsatse, maƙwabci na zurfafawa taka na ƙafewa, ba wanda za ka kai wa ƙara.

Kada a ɗauka aljanna ce. Gida a nan ya fi ƙarfin malamin makaranta da mai shara da ke yi wa garin hidima, dole su zauna nesa. Dokar haraji ta 1978 ta ƙayyade harajin gida a kashi 1 cikin 100 na ƙimarsa, kuma ƙimar ba ta tashi fiye da kashi 2 a shekara sai an sayar, don haka wanda ya saya jiya yana iya biyan ninkin-ba-ninkin na maƙwabcinsa da ya daɗe. Inshora ma ta zama ciwon kai tun da kamfanin inshora na State Farm ya daina karɓar sababbin gidaje a jihar a 2023. Kuma duk wannan shiri bai hana gobarar Eaton cinye dubban gidaje a Altadena, 'yan kilomita kaɗan yamma, a Janairun 2025 ba.

Duk da haka rami da hasumiya da tifa ba su fi ƙarfin hukumar Bwari, wadda Kubwa ke ƙarƙashinta, ba. Abin da za a fara da shi shi ne a bi kowane kwazazzabo kafin damina a shata hanyar ruwansa, a daina sa hannu kan takardar fili a cikinta, a kuma sa kuɗin yashewa a kasafin kowace shekara.