Kafin ku tura 'ya'yanmu jarrabawar kwamfuta, ku zo ku ga ajinsu

Tun da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a 2025 cewa WAEC da NECO za su koma kan kwamfuta kacokan a 2026, raina yake a ɓace. Ba na ƙin kwamfuta, da ita nake neman abincina. Abin da ke ƙona min rai shi ne a zauna a Abuja a yanke hukunci kan yaran da ba a taɓa leƙa ajinsu ba.

A makarantar gwamnatin da 'yata take, akwai ɗakin kwamfuta. An yi masa fenti, an sa ƙofar ƙarfe, manya sun zo sun yanka kyalle, an ɗauki hotuna, an watse. Yau kwaɗo ne a ƙofar. Ta taga za ka hango na'urorin lulluɓe da leda, ƙurar hunturu ta yi musu fari fat. Wuta ba ta zuwa a lokacin karatu, janareta ya lalace, kuma ko an gyara shi, wa zai sayi mai tun da aka cire tallafi a 2023? Malamin, bawan Allah, sai ya ɗauki alli ya zana linzamin kwamfuta da madannanta a allo, yara su kwafa a littafi su haddace. Yarinyar da ba ta taɓa rubuta sunanta a kan na'ura ba, ita za a ce ta zauna ta buga insha'in Turanci, agogo na gudu a gabanta. Haba jama'a! Wannan ai zalunci ne.

Mun ga yadda aka yi da JAMB. Tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma tun lokacin iyaye ke biyan kuɗi a shagunan intanet don yaro ya koyi riƙe linzami kafin ranar jarrabawa. Mai hali ya biya, marar hali ɗansa ya shiga ɗakin jarrabawa hannu na rawa. Duk da shekara goma tana wannan aiki, a 2025 tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, har shugabanta Farfesa Is-haq Oloyede ya fito yana hawaye yana neman afuwa. Wannan fa jarrabawar zaɓen amsa ce ta 'yan sa'o'i. Ita kuwa WAEC makonni ake yi ana rubuta ta.

Ga kuma wutar kanta. Wa ya manta Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka haura mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan lantarki? Da lokacin jarrabawa abin ya faɗo, ina za a kai yaran ƙauye?

Majalisar Wakilai ta nemi a ɗage shirin mayar da WAEC kan kwamfuta zuwa 2030. To madalla, amma ɗagewa kaɗai ba ta kunna kwamfuta. Abin da nake tsoro shi ne ma'aikatun ilimi na jihohi su mayar da wannan lokaci kakar raba kwangila: a sake jibgo kwalaye, a sake ɗaukar hoto, a sake kullewa.

Duk kwamishinan da ya kawo shirin sayen na'urori, ya fara zama da malamai da kwamitin iyaye, ya nuna musu a rubuce inda wutar za ta fito. In sola ce, a faɗi wanda zai sauya batir idan ya mutu. A faɗi malamai nawa aka horar, sa'a nawa kowane yaro zai samu a mako yana taɓa na'urar da hannunsa, da kuma kuɗin gyara da na data da aka ware a kasafin bana. Shirin da bai amsa waɗannan ba, kada majalisar jiha ta sake masa ko kwabo.